Inda na kwana a karatun takardar gwajin baƙin mai

Salam ƴan uwa ƴan koyo, yau wata bakwai kenan da na fara wannan abun na tura baƙin man da na juye daga mota zuwa lab a duba min, kuma sakamako na uku ya shigo shekaranjiya, shine nace bari in faɗa muku inda aka kwana kafin in manta. Motar dai tsohuwar 406 ce irin haɗin nan gida na Kakuri a Kaduna, ina zuba mata baƙin mai 20W-50 kamar kowa.

Na farko kam ɓarnar kuɗi kawai nayi. Da sassafe injin a sanyaye na kwance notin juye mai, na bari man ya gama tsiyayewa cikin wani tsohon galan da muka yanka, sannan na ɗiba daga ciki na ɗura a robar ruwa. Duk dattin galan ɗin ya bi. Da takarda ta dawo daga Legas har da ɗan rubutu a ƙasa wai ba za su iya dogara da samfurin ba. Yadda ake yi ashe, ka ɗan zaga da mota injin ya ɗau zafi, ka kwance noti ka bar na farko ya wuce, ka tari na tsakiya a kwalba mai tsabta wadda ba ruwa a ciki, ka rubuta kilomita nawa man yayi da sunan man. Shikenan.

Na biyu shi ya hana ni barci. Na buɗe takarda naga Zn (zinki) wajen 1,000, Ca (kalsiyam) ya haura 2,000, nace innalillahi injin ya narke. Har na kira ogan da nake koyo a garejinsa a Tudun Wada nace Oga ina ganin sai mun sauke injin nan fa, yace kai yaro motar da ka shigo da ita jiya tana kuka lafiya lau? Ashe zinki da kalsiyam da fosfaras da maganiziyam ba daga jikin injin suke ba, sinadaran da kamfani ya zuba a man ne tun yana sabo, wasu na kare ƙarfe daga gogayya wasu na wanke datti. Yawansu ba abun tsoro bane. Toh ka ga amfanin tambaya.

Lambobin da ake kallo su ne na ƙarafan da injin ke ci daga jikinsa, kuma duk da ppm ake rubuta su, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Fe shine baƙin ƙarfe, daga bangon silinda da kamshaf da karanshaf yake fitowa. Al aluminiyam ne, yawanci fistin. Cr ringi. Pb da Cu da Sn kuma, dalma da tagulla da kuza, su ne metal ɗin nan da karanshaf ke juyawa a kansu, da in suka cinye kaji injin ya fara nokin. Ni a nawa Pb 3 ne kawai, alhamdulillah, amma Fe 38 a kilomita 3,000, Al 11, Cr 4, sai Si 34.

Wannan Si ɗin shine labarin. Silikon ne, kuma ƙasa da yashi cike suke da shi. Amma a kula, gam ɗin da makanikai ke shafawa a gaskit shima silikon ne, so in an buɗe maka injin kwanan nan zai iya tashi ba tare da wata matsala ba. Abun da ke raba gardama shine su waye suka tashi tare da shi. In shi kaɗai ne, ka zargi gam. In kuwa ya taso da aluminiyam da ƙarfe da ringi duk a lokaci ɗaya, toh ƙura ce ke shiga tana goge silinda kamar sanfefa. Nawa duka huɗun sun tashi, ga shi man ya yi aikinsa ne daga Disamba zuwa Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da in ka ajiye mota a Mando awa biyu za ka iya rubuta sunanka a gilashi.

Na cire iya kilina na duba, sabo ne fes, ni na saya da hannuna a Panteka. Na tsaya ina ta mamaki. Oga ne yace sa yatsa cikin robar da ta tashi daga akwatin iya kilina zuwa injin, na sa, na fito da yatsa ja-ja-jur da ƙura. Muka lanƙwasa robar sai ga tsaga a ƙasan ninkin, wajen da ido baya gani sai ka juya ta, tsawon bai fi gaɓar yatsa ba. Ta nan iska ke shiga ba tacewa, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Robar ko rabin kuɗin gwajin bata kai ba.

Yanzu ga na uku, man yayi kilomita 4,500. Si ya sauko 12, Al 4, Cr 1, Fe 21. Kuma dan Allah kar ku kwatanta 38 da 21 haka tsurarsu, ku raba da tafiyar da man yayi: wancan kusan 13 ne a duk kilomita 1,000, wannan bai kai 5 ba. Ni yanzu na daina tambayar wai lamba nawa ce mai kyau, kowane injin da nasa hali, takardarka ta baya ita ce ma'auninka.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, wata ta ɓullo. Kaurin man a zafin digiri 100 ya kamata ya tsaya tsakanin 16.3 da 21.9 tunda mai lamba 50 ne, nawa ya dawo 15.1, kuma sun rubuta akwai fetur a ciki. Na sunsuna ragowar kwalbar, wallahi warin fetur ne. Zargina biyu, ko dai wata nozul mai fesa fetur na ɗiga, ko kuma gajeriyar tafiyar da nake yi, gida zuwa gareji injin bai gama zafi ba na kashe, ga go-sulo na Kawo da yamma. Na fi karkata ga nozul gaskiya, don fulogi na lamba 3 ya fi sauran baƙi.

Na da K, sodiyam da fotasiyam, su ke tona asirin ruwan lagireto in gaskit ya fara ƙonewa, nawa ƙasa suke. Amma mu nan da yawa ruwan famfo zalla muke ɗurawa ba kulan (ruwan lagireto na kanti) ba, so kar mutum ya saki jiki da su sosai. Ɗiga man kan ƙarfe mai zafi, in yayi tsartsatsi akwai ruwa.

Abu ɗaya kuma, injin lab ɗin ƙananan ɓurɓushi kawai yake gani, manyan suna maƙale a oyil filta, shi yasa na fara yanka filtar ina buɗe takardar ciki a rana. Ta wannan karon ba ƙyalli ko ɗaya.

Asabar in Allah ya kaimu za mu cire nozul ɗin huɗu a kai wanki, sai in zuba sabon mai in yi tafiyar Zariya sau biyu ko uku kafin in ɗibi na huɗu.