Ganyen da ya kaɗe

Wata 3 ke nan da rasuwar Baba, sai jiya na iya karanta wani abu har ƙarshe. Tarin maƙalu ne ƙanwata ta ajiye min. Marubuciyar ita ma ta rasa mahaifinta, amma ba ta tsaya lallashina ba. Labarin bishiya ta ɗauko, yadda take janye sinadaran da ke cikin ganye ta adana a jikinta kafin ta kaɗe shi. Ka gan ta tsaye fayau kamar ta mutu, alhali tohon na nan ɓoye a rassan.

Nan na rufe littafin na yi kukan da ya ƙi zuwa tun ranar farko. Da safe na ba shukokin da ya bari ruwa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba.