Ruwan Priego

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na je Priego. Tun da na zo karatu Kurɗuba nake jin sunan garin a bakin masu sayar da man zaitun, domin nasu yana cikin waɗanda ake ji da su a Sifaniya. Wata malamarmu 'yar can ce, ita ta ce min in ina son ganin yadda ruwa ke kafa gari a Andalus, to in je in ga marmaronsu. Bas ɗin ya yi ta ratsa gonakin zaitun, tudu bayan tudu har ido ya gaji, sannan duwatsun Subbética suka fara bayyana.

Daga tsakiyar gari na kama titin da ake kira Calle del Río. Titin ba miƙaƙƙe ba ne, yana ta lanƙwasa hagu da dama, saboda hanyar da ruwan marmaron ke bi ya gangara gari aka bi aka yi shi. Manyan gidaje ne a jere, masu dogayen ƙofofi da tagogin ƙarfe. A ɗaya daga cikinsu aka haifi Niceto Alcalá-Zamora a 1877, wanda ya shugabanci Jamhuriya ta Biyu ta Sifaniya daga 1931 zuwa 1936. An mayar da gidan wurin tarihi, amma ban shiga ba, hankalina yana gaba.

Kafin in ga marmaron, ƙararsa na fara ji. Ana kiransa Fuente del Rey, wato Marmaron Sarki, kuma bakunan da ke zubo ruwa a jikinsa 139 ne. Tafkuna uku ne dogaye masu lanƙwasassun gefuna, kowanne ya ɗan fi na gabansa tudu, ruwa na sauka daga wannan zuwa wancan. Bakunan a jere suke a bango kamar indararo ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, da yawansu an sassaƙa musu fuskoki, ruwan na fitowa ta bakin fuskar. A tafkin farko akwai zaki yana kokawa da maciji. A na tsakiya, wanda ya fi girma, akwai mutum-mutumin Neptuno, abin bautar teku na tsoffin Rumawa, da matarsa Anfitrite, a kan keken da dawakai ke ja suna ɓullowa daga ruwa. Babu mai bauta musu a nan, ado ne irin na Turawan wancan zamani. Remigio del Mármol ne ya tsara aikin, aka kammala a 1803.

An zagaye wurin da kujerun dutse, na samu ɗaya na zauna. Tsofaffi na hira da sandunansu a jingine, wata mata na hana jikanta tsoma takalmi a ruwa. Ba kuɗin shiga, ba shinge, ba mai gadi. Wannan ya burge ni fiye da sassaƙar.

Na daɗe ina tunanin inda ƙaramin gari a tsakiyar duwatsu ya samo kuɗin irin wannan aiki. Alharini ne. A ƙarni na 18 Priego ta yi suna wajen saƙar alharini, ana kai yadinta manyan biranen Sifaniya har da ƙetaren teku, kuma da wannan arziki aka ƙawata majami'un garin da gidajen da na wuce a titi. Lokacin da aka gama marmaron kuwa, kasuwar ta riga ta fara ja da baya. Kusan shi ne babban aiki na ƙarshe da arzikin alharinin ya bar wa garin, kuma na ji daɗi da ya zama ruwa ne aka yi wa hidimar, a fili, inda talaka da mai kuɗi za su zauna tare.

Sai dai inda zuciyata ta fi tsayawa yana can baya, a saman filin, inda baƙi da yawa ke ɗaukar hoto ɗaya su juya. Nan ne Fuente de la Salud, tsohon marmaron, kuma nan ne idon ruwan kansa. Bango ne na sassaƙaƙƙun duwatsu da aka jingina da dutsen asali, Francisco del Castillo ya gina shi a ƙarni na 16 don a tattara ruwan a ba shi hanya. A tsakiyar bangon akwai 'yar alkuki da Kiristocin garin suka sa mutum-mutumin Nana Maryamu. A ƙasa ruwan ke fitowa, garau, ba hayaniya, har kana ganin duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Duwatsun yankin irin masu ramuka ne a ciki, ruwan sama da ke sauka a kansu yana shigewa ya yi tafiyarsa a ɓoye, sai ya ɓullo a gindin tudu. Duk ƙarar bakuna 139 ɗin nan daga wannan wuri take samo asali.

A nan tarihin ya yi min nauyi. Kafin duk waɗannan gine-gine, garin na Musulmi ne, Baguh ake ce masa. Sarkin Kiristoci Fernando na Uku ya ci shi a farkon ƙarni na 13, daga baya ya koma hannun masarautar Musulmi ta Granada, sai a 1341 Alfonso na Sha Ɗaya ya karɓe shi har abada. Mutanen garin suna cewa a bakin wannan ruwa sarkin ya kafa sansaninsa, shi ya sa ake danganta marmaron da sarki. Duk mai son cin gari, ruwansa yake fara tarewa. Bayan haka ma jikokin Musulmi sun zauna a Priego suna noma suna sana'a, an tilasta musu shiga Kiristanci, daga ƙarshe aka kore su a korar da Sarki Felipe na Uku ya fara a 1609. Na tsaya ina tunanin matan da suka ɗebi ruwa a nan ranar da za su bar garin, ba su san inda jirgi zai sauke su ba. Ba a sassaƙa fuskar ko ɗayansu a bango ba. Na yi musu addu'a, abin da nake da iko a kai ke nan.

Da la'asar na ratsa unguwar Villa, wadda lungunanta tun na zamanin Musulmi ne, matsattsu, farare fat, tukwanen furanni rataye a bango. Lungun ya fitar da ni Adarve, wata doguwar baranda a bakin gangare, daga can kana hango lambuna a ƙasa, kore shar, bayansu kuma zaitun iya ganinka.

Na tura wa Umma bidiyon marmaron ina cikin bas. Ta kira ni nan take, ta ce, "Wannan ruwan haka yake zuba dare da rana?" Na ce mata haka yake, Umma, tun kafin a haifi kakanninmu. Ta yi salati, ta ce Allah ya saka wa waɗanda suka gyara shi suka bar wa jama'a. Sannan ta tambayi ko na sayo man zaitun ɗin da ta ce in kawo wa Baba. Na sayo kwalba biyu a wani shago kusa da tasha, sai in nemi wanda zai tafi gida kafin azumi.