Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fararen Ƙwayoyin Jini

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano. Watan Agusta ne, damina ta kankama, layin masu zazzaɓi har bakin ƙofa. Tambayar kowa ɗaya ce: akwai maleriya ko babu?

Dattijon da nake ƙarƙashinsa, wanda duk muke kira Baba, bai yarda a tsaya nan ba. Idan na shafa jini a gilashi, na rina shi da rinin Leishman, na ɗiga mai don dubawa a madubin likita, sai ya ce, "'Yata, kin duba jajayen, fararen fa? Ai su ne suka je fagen fama."

A wurinsa na san niyutirofil, wani nau'in farar ƙwayar jini mai yaƙi da cuta. A jinin mai lafiya cibiyarta a rarrabe take, gaɓa 2 zuwa 5. Idan bakteriya ta yi wa jiki ƙarfi, ɓargo yakan turo su tun ba su ƙosa ba, cibiyarsu a lanƙwashe kamar lauje. Cikinsu yakan cika da baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wani lokaci har da ramuka, ko wani ɗan tabo shuɗi-shuɗi a gefe da ake kira Döhle, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi.

Haka na gani a jinin wata yarinya 'yar shekara 4 da aka yi ta ɗirka wa maganin maleriya a kemis. Ba ƙwayar maleriya ko ɗaya. Baba ya leƙa, ya ɗauki takardar da kansa ya kai wa likita. Namoniya ce, wato ciwon huhu. Aka ba ta gado, aka sa mata allurai, ta tashi.

Ko a maleriyar ma fararen suna magana. Sukan haɗiye baƙin dattin da ƙwayar cutar ke bari, kuma idan aka same shi a fiye da niyutirofil 5 cikin 100, ciwon ya yi tsanani ko da ƙwayoyin cutar kaɗan ne a gilashin. Masu ciki da ke da ƙarancin bitamin folik kuwa, cibiyar niyutirofil ɗinsu takan kai gaɓa 6 ko fiye.

Abin da ke damuna yanzu shi ne matasanmu sun dogara ga injin ƙidaya ƙwayoyin jini, alhali a jinin mai sikila yakan lissafa jajayen da ba su ƙosa ba cikin farare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na fara ganin sankarar jini.