Neman Sabon Alkawari ɗan 1863 a Filadelfiya

Jar tawada ce ta tona mini asiri. Wata Lahadi da sassafe, a wani fili a bayan garin Filadelfiya, mu goma sha wani abu muna tsaye gaban tantuna cikin kakin ulu, hayaƙin itace yana cin ido, sai dattijon da ke riƙe da muƙamin saje ya ce in karanta mana aya kafin a sha gahawa. Na zaro Baibul ɗina daga aljihu, wanda na taho da shi daga gida, mai bangon roba da zif. Ban kai ga buɗe baki ba ya miƙo hannu. Ya zuge zif ɗin a hankali yadda kowa zai ji ƙararsa, ya buɗe Bisharar Matiyu, ya ɗaga sama. Maganganun Yesu duk da ja aka buga su.

"Ɗana," ya ce, "yau muna 1863 ne. Wannan jan rubutun sai a 1899 za a fara shi. Zif kuwa kada ma a tayar da zancensa."

Aka kwashe da dariya, ni kuma na yi yaƙe.

Ni ɗan Wusasa ne, ta Zariya. Cacar bizar Amurka ce ta faɗo kaina, na sauka a ƙarshen 2012, ba da daɗewa ba aka cire 'yan Nijeriya daga cikinta. Labarin sanyi da dusar ƙanƙara kowa ya ba ku, ba sai na maimaita ba. Na samu aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, daga sha ɗaya zuwa bakwai na safe. Abin da ya fi ci mini rai a shekarar farko tambaya ce guda: "Me ka ce?" A kanti, a bas, a wurin aiki. Mutumin da ya koyar da Turanci shekara shida a sakandare, yau shi ne ba a gane Turancinsa. Har na koma ina lanƙwasa harshe a banɗaki gaban madubi, ko zan yi kama da 'yan gari.

Dattijon nan baƙar fatar Amurka ne, tsohon ma'aikacin gidan waya. Da asuba yake zuwa duba yayarsa da ke kwance a wurinmu. Wata rana ya tarar ina karanta mata Zabura ta 23 da ka, a tsohon juyin Sarki James, wanda muka haddace a makarantar Lahadi malami na riƙe da tsumagiya. Ya tsaya bakin ƙofa har na kai aya ta ƙarshe. Ya ce ƙungiyarsu ta masu kwaikwayon sojojin da ta daɗe tana neman wanda bakinsa ya saba da wannan tsohon Turancin, domin samarin yanzu tuntuɓe suke yi da shi. Ko ina da abin yi ƙarshen mako? Ba ni da shi. Ban da barci da wankin kaya, ba ni da komai.

Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Zariya ya san rabin abin da suke yi. 'Yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga ba yaƙi za su ba, kayan yaƙin kakanni suka ɗauko don a gani a tuna. To haka nan ma, sai dai yaƙin da ake tunawa shi ne na basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, tsakanin Arewa da Kudu, wanda ya kawo ƙarshen bauta. Bambancin shi ne, a Zariya ba wanda zai sauke mahayi daga doki don ya ɗaura agogo ko ya toshe ido da baƙin gilashi. A nan kuwa akwai masu duba ramin maɓalli su gaya maka da hannu aka ɗinka ko da keke. Ƙungiyarmu tana kwaikwayon sojoji baƙar fata, waɗanda kusan 180,000 daga cikinsu suka yi wa Arewa yaƙi. Wajen 11,000 a nan gefen Filadelfiya aka horar da su, a sansanin William Penn da aka buɗe a 1863. Dala 10 ake biyansu a wata, a cire 3 kuɗin kaki, alhali farin soja yana karɓar 13, har sai da majalisa ta daidaita abin a watan Yunin 1864.

Da na yi wa mahaifiyata bayani a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Wato ka baro tashe a nan, ka je ka tarar da shi a can." Na ce, "Mama, kusan haka ne, sai dai su ba a ba su ko sisi."

Kaki da takalmi da bindiga aro aka ba ni. Littafin ne Baba saje ya ce in nemo da kaina, tunda ni ne mai karatu. Na ɗauka aikin yini guda ne. Ƙasar da ake sayar da Baibul har a kantin magani? Ashe wata takwas zan yi ina abu ɗaya.

Ga abin da ake nema. Sojan wancan zamani galibi ba cikakken Littafi Mai Tsarki yake ɗauka ba, ya yi nauyi ga mai tafiya a ƙasa da kaya a baya. Sabon Alkawari ne ɗan ƙarami, da kaɗan ya fi tafin hannu, wani lokaci haɗe da Zabura. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Amurka, wadda aka kafa a Nuyok a 1816, ita ta buga mafi yawansu, wata hukumar Kirista da aka kafa a 1861 don hidimar sojoji kuma tana rabawa kyauta a sansanoni da asibitoci. Juyin Sarki James ne tilas, domin gyararren juyin Sabon Alkawari sai a 1881 ya fito. Ba sharhi a gefe, ba bayani a ƙasa, don ƙa'idar ƙungiyar ke nan tun asali: nassi tsurarsa. Ba taswira mai launi, ba lambar kanti a baya, kuma ɗinki ne ke riƙe da takardun, ba gam ba. Kowane Baibul na ɗaga a kantunan gari, sai in tarar ya faɗi a abu uku ko huɗu.

Na koma intanet, a nan na sha ta farko. Na ga wani an rubuta ɗan 1816 ne, kuɗinsa ya kai albashina na mako biyu. Allah ya taimake ni na nuna wa Baba hoton kafin in biya. Ya ce in duba da kyau. A shafin farko ƙungiyar takan buga shekarar da aka kafa ta da lambobin Romawa, shekarar bugu kuma daban take a ƙasa. Mai sayarwa ya karanta ta sama ya rufe ido ga ta ƙasa, ko da gangan ko da rashin sani, Allah masani. Littafin bayan yaƙin ma aka buga shi.

Ta biyu kuwa na biya. Wani mai sayar wa 'yan irin wasanmu kaya ya tallata kwafi, ya ce ba a bambanta shi da na asali. Ya iso cikin ambulan, takardunsa ruwan ƙasa, gefuna a ƙone kaɗan, yana ƙamshin shayi. Ni dai ya burge ni. Ya yi kama da littattafan da ke ƙasan akwatin mahaifina, waɗanda gara ta ɗanɗana ta bari. Na kai wa Baba ina taƙama. Ya juya shi, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Sojan da aka ba littafin nan a 1863, sabo fil aka ba shi," in ji shi. "Takardarsa fara ce. Kai ka sayo wanda ya shekara ɗari da hamsin, shi ma tsufan da ruwan shayi aka yi masa."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ashe kwaikwayon gaskiya shi ne abu ya fito da sabuntarsa. Ni ma da nake murɗe harshe gaban madubi, ruwan shayi nake shafa wa kaina.

Na asalin na gan shi a Getisbag, tafiyar awa biyu da rabi a mota daga wurinmu, inda aka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863. Rundunonin baƙar fata ba su yi wannan yaƙin ba, amma duk watan Nuwamba mukan je faretin tunawa da jawabin da Shugaba Lincoln ya yi a maƙabartar garin ranar 19 ga wata. Garin cike yake da shagunan kayan tarihi: harsasai, maɓallai, wasiƙu. A ɗaya daga ciki mai shagon ya buɗe akwatin gilashi ya ɗora mini shi a hannu. Bangon yadi ne mai duhu, an danna masa ado ba launi, kusurwoyin sun cinye. Rubutun layi biyu a shafi, ƙanana kamar ƙwayar gero. A farar takardar farko wani ya rubuta sunansa da fensir, harafi ɗaya-ɗaya, yana dannawa da ƙarfi irin na wanda bai daɗe da koyon riƙe alƙalami ba. Da yawa daga sojoji baƙar fata a sansani suka koyi karatu, domin a jihohin Kudu da dama doka ta hana koya wa bawa. Ban san ko mai wannan sunan yana cikinsu ba, amma na san hannun, irinsa na gani a ajin yaƙi da jahilci.

Abin mamaki, kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. An buga su da yawan gaske, shi ya sa ba su yi tsadar da mutum zai zata ba. Na sa hannu a aljihu, sai na tuna ruwan sama da gumi da toka. Littafin da ya tsira daga yaƙi, ni in kashe shi a wasa? Na mayar. Ga shi kuma shi ma ya tsufa da yawa ga 1863.

Mafita ta zo ta hannun wata tsohuwa mai ɗinkin littattafai a wani ƙauye, wadda wani ɗan ƙungiya ya haɗa ni da ita. Ta ɗauki hoton kowane shafi na wani bugu na lokacin yaƙin, ta goge tabon tsufa a kwamfuta, ta buga a farar takarda marar sheƙi. Na zauna ina kallo tana ninke takardun kashi-kashi, tana huda su da basilla, tana bi da zaren lilin da ta goga wa kakin zuma. Sai na ga dukawan Zariya a gabana suna ɗinka gafaka. Na gaya mata, ta ajiye allura ta sa na zana mata yadda gafaka take, da yadda ake ajiye Alƙur'ani warwar ba ɗinki tsakanin tadarishi. Mun fi awa guda a kan wannan, ko sau ɗaya ba ta ce mini "me ka ce" ba. Wata biyu na jira kafin ya iso.

Wani abu ya rage yana damuna, na kuwa faɗa wa Baba. Na ce littafi ya yi daidai, amma mai karatun fa? Wane sojan Amurka ne a 1863 yake magana da harshen Zazzau? Ya yi dariya har da tari. Ya ce in je in nemi labarin Nicholas Said. Na nema. Sunansa na yanka Muhammad Ali, haifaffen Kukawa a Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha inda aka yi masa baftisma. Ya zaga Turai, ya iso Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets, har ya kai saje. Rundunarsa tana cikin waɗanda suka ƙi karɓar albashi sam, sama da shekara, har sai an daidaita su da farare. Babarbare ne, ba Bahaushe ba, amma daga Filadelfiya Kukawa bayan gidanmu ce.

Na Hausa dai ba damar in fito da shi gaban 'yan kallo. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito, aikin da Likita Mila, Baturen mishan namu na Wusasa, ya sha wahalarsa. A lokacin yaƙin Amurka 'yan sassa ne kawai, waɗanda wani mishan Bajamushe, Schön, ya fassara a Ingila, inda wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu yake taimaka masa da harshen. Saboda haka sai dare ya yi, 'yan kallo sun watse, in shige tanti in ja bargo in karanta nawa a waya. Baba ya sani, yana gani hasken ta jikin tanti, bai taɓa cewa uffan ba.

Ranar da na fara karatu da sabon littafin, 1 Korintiyawa sura 13 ya zaɓa. A tsohon juyin, kalmar da muke cewa ƙauna an fassara ta da wadda Ba'amurken yau yake ji kamar sadaka, har wata mata cikin 'yan kallo ta zo bayan an tashi tana tambaya ko kuskure na yi. Na nuna mata shafin. Da yamma aka yi ruwa, rinin kakin ya zuba, gefen takardun ya koma shuɗi daga Matiyu har Romawa. Na ji kamar in yi kuka. Baba ya duba ya ce wannan tabon halal ne.

Yanzu shekaru sun ja, iyalina sun iso, na bar aikin dare. Sai dai ido ya fara gajiya, rubutun nan mai kamar gero ya soma haɗe mini. Likita ya rubuta mini tabarau, na sa shi na je sansani da bazarar da ta wuce. Tun daga nesa Baba, yana dogara sanda, ya nuna hancina. Firam ɗin roba ne, ga 'yan matasai biyu a kan karan hanci. Na wancan zamani ƙanana ne, na siririn ƙarfe, kuma ba su da matasan. Wata na uku ke nan ina nema.