Rabe, daga Sudan zuwa Kuseri

Da muna yara, kakata ba ta kiran sunan Rabe sai ta sassauta murya. Sai da na girma na gane dalili.

A Sudan ya koyi yaƙi, ƙarƙashin Zubairu Basha, kafin ya yo yamma da 'yan bindigarsa. A 1893 ya ci Borno, ya ƙone Kukawa, ya koma Dikwa da zama. Shekara bakwai kacal ya yi, amma jama'a sun ji a jikinsu.

Ran 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe shi a Kuseri, suka sare kansa. Kwamandansu Lamy ma bai kwana ba. Abin da ke ba ni mamaki: sunan Lamy ɗin aka raɗa wa garin da ke tsallaken kogi, wanda ya koma Njamena a 1973.