Ranar da aka kwance mana kwano a Mabera

Shekara tara na yi ina haya a wani gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato, ciki da falo, ni da maiɗakina da yara huɗu. Tsohon da ya ba ni ɗakin bai taɓa ɗaga mini murya ba. Duk watan Janairu nake kai masa kuɗin shekara, ya sa jikansa ya rubuta mini rasit a fallen littafin makaranta, ni kuma in cusa a aljihun keken ɗinkina. Da Allah ya yi masa rasuwa, ko sadakar arba'in ba a yi ba magada suka kira dillali.

Babban ɗansa ya same ni a shago bayan la'asar. Ya ce, "Malam, wanga gida an sai da shi. Sati biyu muka ba ku." Na ce, "Alhaji, ai kuɗin bana sun shiga hannun marigayi, ga shi yanzu muke watan huɗu." Ya ce shi bai san da wannan magana ba.

Mu biyar ne 'yan haya. Kafin sati biyun su cika, huɗu sun kwashe kayansu, har da wata dattijuwa da muke kira Inna, mai dama fura, wadda ke riƙon jikoki biyu marayu. Ni na zauna ne don ba ni da inda zan nufa. Kwana biyu bayan wa'adi sai ga kafinta da tsani, ya kwance kwanon falo. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san abin da muka gani. Ƙaramar 'yata ta kwana uku tana zazzaɓi.

Mai unguwa ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kira Alhaji har sau biyu, bai zo ba. Wani magatakardan kotu da nake yi wa ɗinki shi ya ce in je ofishin hukumar gwamnatin tarayya mai ba talaka lauya kyauta. Na je ina jin kunya, kamar mai roƙo. Lauyar da na samu tambaya ɗaya ta fara yi: "Baba, kana da shaidar biya?" Na zube mata rasit tara.

A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani abu daban, mai biyan haya sati-sati notis ɗin sati ɗaya ake ba shi, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan wannan ya ƙare, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa mai gida zai kai ƙara. Daga nan ma alƙali ne kawai ke da ikon cewa a fitar da mutum, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitarwa. Sayar da gida ko mutuwar mai shi ba ta shafe hayar da aka riga aka biya. Ta ba ni labarin Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, wanda gwamnatin soja ta Legas ta fitar da ƙarfin bindiga daga wani gida a Ikoyi alhali shari'a na gaban kotu, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce ko gwamnati ba ta da hurumin ɗaukar doka a hannunta. Na ce a raina, to balle Alhaji da kafintansa.

Amma ta ja mini kunne kada in ɗauka gidan ya zama nawa. A da, in an samu kuskure a notis, ɗan haya kan fake da shi ya shekara da shekaru ana jan shari'a. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar ƙarar da aka kai maka ita kanta sanarwa ce cewa mai gida na son gidansa. Wannan hukunci ban ji haushinsa ba, domin na san masu gidan da ɗan haya ya cinye musu kuɗin shekara uku ya ƙi tashi, kuma wasunsu marayu ne da wannan hayar suke ci.

Zama biyu muka yi a kotu. A na biyu lauyan magada ya nemi sulhu, aka rubuta a gaban alƙali: su mayar da kwano cikin sati ɗaya, in zauna har ƙarshen Disamba, in fita ba tare da gardama ba. Haka aka yi. Kuɗin mota da ranakun da na rufe shago ba wanda ya biya ni, ban kuma nema ba. Wata takwas ɗin nan su suka ba ni damar tara kuɗi na kama wani wuri a Arkilla.

Abin da ke cina har yau shi ne Inna. Ita ma ta biya shekara, amma hannu da hannu, ba takarda, kuma ba wanda ya gaya mata tana da haƙƙin ko da kwana ɗaya. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar wa 'yan ƙasa muhalli, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa, saboda haka wanda ya riga ya fita titi ba shi da kotun da zai je ya nemi ɗaki. Da na gane duk wannan na neme ta, na same ta a zauren wani ɗan uwan mijinta a Gidan Igwai, an kewaye mata gefe da zana. Jikan namiji an kai shi ƙauye, macen na tare da ita. Na ce ta zo in kai ta wurin lauyar, ko kuɗin wata takwas ɗinta a karɓo mata. Ta ce, "Ɗana, bar su da Allah." Na koma sau biyu, amsar ba ta canza ba.