Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tafinta

A makon jiya na tsaya a inda aka gama wa matata Hajiya gashin ciwon dajin mama a asibiti a Abuja, ƙarshen shekarar 2021, muka tattara komatsanmu daga ɗakin da ƙanina ya ba mu aro a Mararraba muka dawo Kano. Kwana uku gidanmu bai rabu da 'yan barka ba. Wata gwaggonta har guɗa ta rangaɗa a tsakar gida. Ni ina zaure ina amsa "amin, amin", ga ɗan katin asibiti a aljihuna na gaba, an rubuta ranar komawa a jikinsa: bayan wata uku.

Mai ciwon daji ba a sallamarsa irin sallamar mai zazzaɓi. An cire mata maman hagu, an yi mata ƙarin ruwan nan mai kakkaɓe suma har sau shida, an yi gashi, amma likita ta ce ido zai ci gaba da zama a kanta. Ƙwayar Tamoxifen guda ɗaya kullum har shekara biyar. Ganin likita duk wata uku a shekaru biyun farko, in an ga alheri a mayar da shi wata shida-shida. Hoton ɗaya maman kuma sau ɗaya a shekara. Na tambaya ko za a iya mayar da fayil ɗinmu Kano, aka ce ana iyawa. Hajiya ce ta ƙi. Ta ce waɗanda suka gasa ta su suka san inda suka gasa.

Tun daga nan lissafin gidanmu ya sauya. Da can da azumi da sallah da hutun makaranta muke auna shekara. Yanzu in aka kawo goron biki, abin da Hajiya za ta fara tambaya shi ne, "Kafin Abuja ne ko bayan Abuja?" In kafin ne, za ta je jiki a sanyaye, ta yi Allah ya sanya alheri ta dawo. In bayan ne, sakamako kuma ya yi kyau, har anko take yi.

Zuwanmu na farko, a Fabrairun 2022, daɗinsa muka ji. Mota daga Unguwa Uku zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa, awa biyu da 'yan mintuna muna Abuja, Hajiya na ta barcinta. Daren 28 ga Maris aka tare jirgin nan a hanya, aka kashe mutane, aka kora wasu da yawa cikin daji, waɗanda sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu. Jirgi ya tsaya cak. Zuwa uku da suka biyo baya duk ta titi muka yi su, titin da tsoronsa ne ma ya kora mutane zuwa jirgi tun farko. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a shekarar ya san irin shirun da mota kan yi in an doshi Rijana da Katari. Mai waya ya ajiye waya, mai carbi ya ciro carbi, direba ya taka. A cikin irin wannan shirun ne wata rana Hajiya ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, mu dai daji biyu muke gudu, ga na jiki ga na hanya." Dariya ta ƙwace mini, har wani dattijo a kujerar gaba ya waiwayo ya harare ni.

Kujera uku nake biya mana, biyu nata ɗaya tawa. Ba don isa ba. Ranar tiyata an cire har da kaluluwar hammata, shi ya sa hannun hagun kan kumbura in ya matsu ko ya ɗauki nauyi. Ba a ɗibar jini a hannun, ba a ɗaura masa abin awon hawan jini, balle a ce wani ƙato ya jingina da shi tun daga Kwanar Dangora har Zariya. 'Yan kamasho sun gane ni, da sun hango ni da baƙar jakata sai ka ji, "Ga Baba mai kujera uku." Jakar nan ta alhazai ce, da ita Hajiya ta dawo daga aikin Hajji. Yanzu babu komai a cikinta sai takardu: sakamakon tsokar da aka yanka aka auna, hotuna, rasit, katunan ganin likita tun na farko. Ko banɗaki zan shiga a hanya tana rataye a wuyana.

Zuwa na biyar shi nake so in ba da labari yau. Ya faɗo a tsakiyar Fabrairun 2023. Jirgi ya dawo aiki tun farkon Disamba, an samu sauƙin wannan, sai kuma ga canjin kuɗi. Wanda ya ga lokacin ba sai an tuna masa ba. An sauya takardun 200 da 500 da 1,000, tsofaffin mutane na gudunsu, sababbin babu su. Albashina na cikin banki ina kallonsa a waya. Kwana huɗu ina bin layi tun bayan asuba, abin da na samu bai kai kuɗin mota ba. Masu POS kuwa, in ka samu mai tsaba, sai ka sayi kuɗinka da kuɗinka. A ƙarshe wani tsohon ɗalibina mai sayar da hatsi a Dawanau ne ya ƙirgo mini tsaba na tura masa ta waya, bai karɓi ko sisi a kai ba. Allah ya yi masa albarka.

Muka kwana a Mararraba. Ƙarfe biyar muka fito, don duk wanda ya bari gari ya waye masa kafin ya wuce Nyanya, to ya manta da layin safe.

Bencin jira wata unguwa ce mai zaman kanta. Mun san juna, don kusan rana ɗaya ake ba mu. Akwai wata baiwar Allah daga Maiduguri da 'yarta ke kawowa, akwai wani Inyamuri mai rako mahaifiyarsa, kullum da filas ɗin shayi. Yawancin matan 'yan'uwansu mata ne ke rako su, ko 'ya'ya. Maza irina ba mu da yawa, kuma a bencin nan na ji labarin mata fiye da ɗaya da takardar saki ta biyo bayan tiyata. Ba na faɗin wannan don a yaba mini. Ni kaina a zuwa na huɗu sai da na yi shawarar tura babban ɗanmu a madadina, gajiya ta ishe ni, kunya ce kawai ta hana. Akwai kuma wani bawan Allah daga Gombe da muka saba cin ƙosai tare a bakin ƙofa, shi ma matarsa yake kawowa. Ranar ban gan shi ba. A bencin nan ba a tambayar ina wane. Kowa ya lura, kowa ya yi shiru.

Aka ɗebi jini, Hajiya da kanta ta miƙa hannun dama kafin a tambaya. Wajen ƙarfe ɗaya aka kira mu.

Likitarmu mace ce, mai kirki, amma Hausarta ba ta wuce "sannu Mama" ba. Hajiya kuma makarantar allo da Islamiyya ta yi. Don haka tun ranar farko ni ne tafinta. Na saba da aikin har na haddace tambayoyin: cin abinci, barci, tari, zubar jini, zafin jikin nan da ƙwayar ke tayarwa da dare. Sau da yawa kafin in juya mata tambayar na riga na ba da amsa. Ranar ma haka na yi. Likita ta tambaya ko akwai ciwo a wani wuri, na buɗe baki zan ce babu, sai na ji hannun Hajiya a kan gwiwata.

"Malam, ka gaya mata bayana na ciwo."

Na juyo na dube ta. Ita bango take kallo.

"Nan ƙasa, tsakiya. Da dare ya fi. Ya kai sati shida."

Sati shida. Ɗaki ɗaya muke kwana. Na juya maganar da Turanci kamar yadda ta faɗe ta, muryata na fita kamar ta wani, ina jin labarin a lokaci ɗaya da likita. Ta ajiye biro, ta sa Hajiya ta hau gado, ta bi ƙashin bayan da yatsa tana dannawa, har ta zo inda Hajiya ta cije leɓe. Sannan ta dawo ta zauna ta yi bayani mai tsawo. Ta ce ciwon baya a shekarun Hajiya abu ne da aka saba gani, yana iya zama ba komai ba. Ta ce amma dajin mama in zai dawo, ƙashi na cikin wuraren da ya fi zuwa, ciwon da ke tsananta da dare kuma ya daɗe haka ba a ƙyale shi. Za a yi hoton ƙashin baya, a ƙara wani gwajin jini, kada mu koma Kano sai an gani.

Na juya wajen Hajiya na ce, "Ta ce ba komai, sanyi ne, amma za a yi hoto don a tabbatar."

Ta dube ni a karon farko tun da muka shigo.

"Malam, ta yi magana doguwa, kai ka ba ni gajera. Ba ni sauran."

Na ba ta. Duka, har da maganar ƙashi. Ta gyaɗa kai ta ce, "To. Allah ya sa mu ji alheri. Ka ce mata na gode."

Sai da muka fito muka samu inuwa a gefen masallacin asibitin na iya tambayarta dalili. Ban so muryata ta tashi ba, amma ta tashi. Ta bari na gama. Ta ce ta ga ina fita layin banki cikin sanyin asuba ina dawowa hannu wofi, ga kuɗin makarantar auta, ga ranar Abuja ta kusa. In ta faɗa, zan ce mu taho a lokacin, da wane kuɗin? Ta ce ta ga gara ta haɗa tafiyar ta zama ɗaya.

Ban ce komai ba, don a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini. Ta fi wata tana sallar isha'i a zaune, ta ce gwiwa ce. Ta bar wa yarinya shara, ita da ba ta yarda da sharar kowa. Da dare ina jin juyinta, in ta tashi zaune in yi kamar barci nake. Na gani sarai. Ban tambaya ba ne don ina tsoron amsar, na fi son in kai ranar Abuja da "babu" a bakina.

Ranar hoto da aka ba mu kwana huɗu ce a gaba. Kayan kwana biyu muka taho da su, tsabar da ta rage a jaka ba ta fi ta komawa ba, zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga wata ya matso, Abuja ta fara watsewa, kowa na neman motar garinsu. Na kira shugaban makarantarmu na ƙara neman izini. Na kira ƙanina na ce ɗakin nan dai ba mu tashi ba.

Da dare matar ƙanina ta kawo tuwo, Hajiya ta ci loma uku ta ture. Na ɗauko man zafi na ce ta juya. Ina shafa mata a hankali, ina kauce wa wurin da likita ta danna, wayarta ta yi ƙara. Babbar 'yarmu ce daga Kano. Hajiya ta riƙe wayar tana kallo har ta kusa tsinkewa, sannan ta miƙo mini ta bayan kafaɗa.

"Amsa mata, Malam. Ita ka ba ta gajerar."

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ranar hoton ta kasance.